Da an bar korona ta zaga gari kowa ya kamu, da me zai faru da mu a Zariya?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai yau tambaya gare ni, kuma don Allah kar a ce na cika tone-tone. Tunda yanzu ƙura ta lafa korona ta zama labari, ina so masu ilimin cikinmu su faɗa mana tsakani da Allah, wancan kullen da aka yi mana a 2020 ya yi wani amfani kuwa? Sama da wata biyu fa Jihar Kaduna na rufe, ba kasuwa ba masallaci ba makaranta, mu na kasuwar Sabon Gari kaya suka lalace a shago jari ya karye wasu har yau ba su farfaɗo ba, kuma a ƙarshe cutar nan ba wanda ba ta shafa ba. To da an bar mu mun ci gaba da harkokinmu kowa ya kamu ya warke jiki ya saba, abin nan da ake ce wa garkuwar jama'a, ba da an huta ba? Na ji an ce akwai ƙasar Turawa da ta ƙi yin kulle kuma ba ta ƙare ba.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Yaya. Suwidin kenan kake nufi, kuma wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Su ba su rufe shaguna ba, ba su rufe makarantun yara ƙanana ba, ba soja ba ɗan sanda a titi, shawara kawai aka ba mutane. Duniya ta yi ta zaginsu, amma da aka zo aka yi lissafin rarar mace-mace, wato mutuwar da ta ƙaru a kan wadda aka saba gani, daga 2020 zuwa 2022 sai ga su cikin ƙasashen Turai masu ƙarancin asara. Sannan ba su kaɗai ba ne, ranar 4 ga Oktoba 2020 manyan farfesoshi uku suka fitar da sanarwar Great Barrington, Martin Kulldorff na Harvard, Sunetra Gupta ta Oxford da Jay Bhattacharya na Stanford, suka ce haɗarin mutuwa ga tsoho ya ninka na yaro fiye da sau dubu saboda haka a killace tsofaffi da masu ciwo a bar matasa su yi rayuwarsu su kamu su warke, in sun yi yawa cutar ta rasa hanyar bi. An mai da su kamar mahaukata a lokacin. Daga baya shi Bhattacharyan shi aka ba shugabancin babbar cibiyar binciken lafiya ta Amurka a 2025. To mu da rabin ƴan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, me ya kai mu kwaikwayon Italiya mai cike da tsofaffi?

Ɗan Kwangila Mai Keke: Faɗa musu dai ɗan boko. Mu yunwa ce ta kusa kashe mu ba tari ba.

Maman Sadik (ma'aikaciyar jinya): Ƙanena Ɗan Samaru sannu da karatu, amma labarin Suwidin rabi ka kawo. Na ɗaya, shi kansa Anders Tegnell da ya jagoranci abin nasu ya sha musanta cewa wai garkuwar jama'a suke nema. Na biyu ba sakaka suka bar gari ba, sun hana taron da ya wuce mutum 50, manyan ƴan sakandare da ƴan jami'a daga gida suka yi karatu, sun hana ziyara a gidajen kula da tsofaffi. Duk da haka a 2020 in ka auna da yawan jama'a mutanen da suka rasa sun yi wajen ninki goma na maƙwabciyarsu Norway, kuma da yawan mamatan tsofaffin nan ne dai da aka ce za a kare. A watan Disamba na shekarar sarkinsu da bakinsa ya fito ya ce sun gaza. Abin da ya gyara musu lissafi daga baya, da allura ta zo tsofaffinsu kusan duk sun karɓa. Ka saka wannan a ciki sai mu yi magana.

Ɗan Samaru: Anti na ji, amma lissafin ƙarshe ai shi ne lissafi. Kuma yaransu ba su yi asarar karatu ba, mu fa?

Maman Sadik: Zan zo kan makaranta, a nan ba mu da faɗa sosai. Ni tambayata ɗaya ce kuma ina so ka amsa min ita da gidanku ba da Harvard ba. An ce a killace tsofaffi a saki matasa. A ina za ka killace su? Can a Suwidin gidaje da yawa mutum ɗaya ne tal a ciki, tsoho yana da ɗakinsa da banɗakinsa da fanshonsa, a kawo masa cefane a ajiye a bakin ƙofa. Nan shiga kowane gida a cikin birni, Ƙofar Doka ko Limancin Kona ko Anguwan Juma, gida ɗaya sassa biyar shida, zaure ɗaya, rijiya ɗaya, buta ɗaya na yawo, jikoki a ɗakin kaka suke kwana, ita ke goyon na ƙarami in uwar ta tafi aiki, tsohon gidan shi ne liman a masallacin ƙofar gida kowa sai ya ba shi hannu bayan sallama. Saurayin da ka ce ya fita ya kamu, in ya dawo da daddare a tire ɗaya zai ci tuwo da babansa mai ciwon suga. To ta ina katangar za ta bi?

Hajiya Uwar Marayu: Ai kuwa ƴar nan kin faɗi gaskiya. Ni a ce in yi wata uku ban ga jikokina ba, wa zai ɗebo min ruwa ma tukuna?

Likitan Shanu na Shika: Jama'a barkanku. Bari ni ma in sa baki tunda a wajenmu masu dabbobi aka fara lura da wannan abu tun shekaru ɗari da suka wuce, kafin likitocin mutane su ɗauka. Lissafin ba wuya. In mai cuta ɗaya yana shafa wa mutum uku, to don cutar ta daina haɓaka sai biyu cikin ukun nan sun zama ba sa kamuwa, wato wajen kashi 67 cikin ɗari. Korona ta farko kusan nan take, shi ya sa kuka yi ta jin kashi 60 zuwa 70. Ƙyanda kuwa yaro ɗaya na iya shafa wa 12 zuwa 18, shi ya sa ita sai an kai kashi 95. Garkuwar gaskiya ce ba wanda ke musu, rigimar ita ce ta wace hanya za a kai can.

Baban Khalifa kai ɗan kasuwa ne, bari mu buga. Mu ɗauka misali muna miliyan 200, kashi 60 ya zama miliyan 120. Mu yi wa kanmu sassauci tunda matasa ne mu, mu ce ɗaya cikin dubu kawai zai mutu. Mutum 120,000 kenan. Wannan misali ne nawa ba ƙididdigar hukuma ba, amma ka ga yadda ƙaramin kaso ke zama maƙabarta guda. Kuma ba a shekara goma za su mutu ba, cikin ƴan watanni ne, lokaci ɗaya kowa na neman gado da iskar oksijin, mai naƙuda da wanda ya yi hatsari a hanyar Kano su ma su rasa gado. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, annoba ba ta taka birki a daidai kashi 67, ranar da aka kai wurin akwai dubban masu ɗauke da ita da za su ci gaba da shafa wa wasu, sai ta zarce sosai kafin ta tsaya.

Baban Khalifa: Dokta lissafinka ya ba ni tsoro amma ai ba mu ga haka ba. Hukuma ta ce dubu uku da ɗoriya suka mutu a duk Najeriya. Zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana cin fiye da haka nesa ba kusa ba kuma ba a taɓa rufe kasuwa saboda shi ba.

Likitan Shanu na Shika: Dubu ukun nan waɗanda aka gwada ne aka rubuta. Mu da mutum zai rasu da asuba kafin azahar an kai shi, wa ya gwada shi? Ka tuna Kano a watan Afrilun 2020, masu haƙar kabari suka fara kuka, manyan dattawa farfesoshi da masu sarauta suna ta tafiya a jere. Daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 kuma kashi 50 zuwa 60 na da alaƙa da korona. Gari ɗaya kenan cikin ƴan makonni. Na yarda ba ta yi mana irin ɓarnar da ta yi a Turai ba, waɗanda suka haura 65 a cikinmu wajen kashi 3 ne kawai, Italiya sun haura kashi 20. Amma a watan Maris na 2020 wa ya san haka zai kasance? Yanzu ne da muka ga ƙarshen wasan kowa ya zama gwani.

Ɗan Kwangila Mai Keke: Dokta ku kuna da albashi shi ya sa. Ni ranar da ban fita ba tukunya ba ta hau wuta, ga balans na mai keke yana jira. Na fita da sassafe in ɗan samo na koko wasu masu kaki suka tare ni suka sace min iskar taya suka sa ni tsallen kwaɗo gaban yara, azumi a bakina. Tallafin da aka yi ta faɗa a rediyo ko ƙwayar shinkafa ban gani ba, sai a watan Oktoba da aka fasa rumbuna a jihohi muka ga ashe kayan na nan a jibge. Wannan ne maganin cuta?

Maman Sadik: Wallahi ba shi ba ne, Allah ya saka maka. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ma ta ce a makonnin farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, lokacin da cutar kanta ba ta kashe adadin haka ba a lissafin hukuma. Ni ba lauyar kulle ba ce. A wajen aikinmu mun ga mata sun daina zuwa awo, an daina kawo yara rigakafi, masu hawan jini maganinsu ya ƙare suna gida. Abin da nake ƙi shi ne a ce tunda kulle ya yi muni to sakin cuta shi ne daidai, kamar hanya biyu ce kawai a duniya.

Ɗan Samaru: To Anti ta ukun fa? Don a 2020 babu allura. Sai ranar 2 ga Maris 2021 kashin farko na allurar AstraZeneca ya sauka Abuja, kusan miliyan huɗu, ga mutum sama da miliyan 200. Daga baya ma aka turo mana wadda ta kusa lalacewa har aka lalata sama da miliyan ɗaya a watan Disamba. Ke nan mu ko mun so ko mun ƙi ta hanyar kamuwa muka samu tamu garkuwar. Binciken jini da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa NCDC ta yi a ƙarshen 2020 ya nuna wajen kashi 23 na mutanen Legas sun riga sun kamu, Gombe kashi 9, alhali alƙaluman gwaji ba su kai ko kusa ba. Wato mun sha wahalar kulle kuma mun sha cutar, biyu babu.

Likitan Shanu na Shika: Wannan magana taka tana da nauyi ƙanena, ba zan raina ta ba. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ya faɗo maka da abin da gwamnati ta zauna ta zaɓa ta ce ku je ku kamu. Ingila ta fara leƙa wannan hanya, ranar 13 ga Maris 2020 babban mai ba gwamnati shawara kan kimiyya Patrick Vallance ya yi maganar kashi 60 su kamu, bayan kwana uku masana na Imperial College suka fitar da hasashen mutum wajen 510,000 za su mutu in ba a yi komai ba, ranar 23 ga wata Boris Johnson ya rufe ƙasa, a watan Afrilu shi kansa aka kwantar da shi ɗakin masu tsananin ciwo.

Sannan ga babbar matsalar, duk lissafin nan an gina shi ne a kan cewa wanda ya kamu ya warke ba zai sake kamuwa ba. Je ka karanta abin da ya faru a Manaus ta ƙasar Brazil. Cutar ta yi musu kaca-kaca a farkon 2020, wani bincike da aka yi da jinin masu ba da gudummawar jini ya ƙiyasta kashi 76 sun kamu zuwa Oktoba, wato a takarda sun wuce layin. Janairun 2021 ta dawo da sabon nau'i, iskar oksijin ta ƙare a asibitoci, mutane na bin layi da tukunyar gas suna neman wa iyayensu iska. Ana iya jayayya kan ko ƙiyasin ya yi yawa, amma nau'in korona na Omicron da ta zo a Nuwamban 2021 ta kashe gardamar, ta kama wanda ya taɓa kamuwa ta kama wanda ya yi allura. Garkuwar da ake cewa a saya da rayukan dattawa, ga korona ba ta ma tsaya ba.

Ɗan Samaru: Ehe Dokta ka faɗa da bakinka, har wanda ya yi allura ta kama. Ke nan ita ma allurar ba ta kawo garkuwar jama'ar ba.

Likitan Shanu na Shika: Ba ta kawo ba, gaskiya ne. Abin da ta yi shi ne rage kwanciya asibiti da mutuwa, musamman ga tsofaffi. Tsoho ya haɗu da cutar bayan ya yi allura, da ya haɗu da ita jikinsa bai taɓa jin labarinta ba, ba ɗaya ba ne. Duk watan da aka ja kafin ta iso gare shi riba ce, ko ba allura likitoci na ƙara gane kanta, a watan Yunin 2020 aka gano dexamethasone, magani mai arha da ke ko'ina, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da wajen kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya kamu a Afrilu bai samu wannan ba.

Malam na Ƙofar Gayan: Assalamu alaikum. Ina ta karantawa ban so in tsoma baki a fannin da ba nawa ba, amma na ga ana ta ambaton Turawa kamar su suka fara tunanin nan. Hadisi ne ingantacce, Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam ya ce in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta auku kuna ciki kada ku fita don gudunta. Ya kuma hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Sayyidina Umar yana hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ban ga inda aka ce a tura mutane cikin cuta da gangan don na baya su tsira ba, rai ba naka ba ne balle ka yi sadaka da na wani. Amma kuma shi Umar ɗin nan dai a shekarar yunwa bai kwanta ba sai da ya ciyar da mutane. Shugaban da zai ce a zauna a gida, abinci na wuyansa. Ba a ɗauki rabi a bar rabi.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, ai nan ɗin ne. An ɗauki hanin an bar ciyarwar.

Hajiya Uwar Marayu: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni fa abin da ya tsaya min, da muna yara in ƙyanda ta shigo unguwa ai kusan kowane gida sai ta shiga, wanda ya yi ba ya sake yi, ba wannan ne abin da yaron nan ke faɗa ba? Amma kuma wallahi na san gidajen da ta ɗauke yara biyu uku a rani ɗaya, wasu ta bar su ba ido.

Likitan Shanu na Shika: Hajiya kin gama bayanin da ni na kasa. Ƙyanda ta yi ɗaruruwan shekaru tana kama kusan kowa kuma wanda ya yi ya gama da ita har abada, amma ba ta taɓa ƙarewa ba, saboda kullum ana haihuwar sababbi, in sun taru ta dawo ta kwashi rabonta. Agana ma haka, sai da allura aka kawar da ita aka sanar a 1980. Mu a shanu bushiya ce, ku tambayi kowane dattijon Bafulatani, a shekarun 1890 ta kusa share shanun ƙasar nan, ta sake dawowa da ƙarfi a 1983. Garken da ya tsira yakan samu garkuwa, amma Bafulatanin da ya rasa tara cikin goma ba zai ce maka dabara ce ba. Allura aka bi ruga-ruga ana yi har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011. Shi ya sa da shugaban hukumar lafiya ta duniya WHO Tedros ya ce a Oktoban 2020 ba a taɓa amfani da sakin cuta a matsayin dabarar yaƙi da annoba ba a tarihin kiwon lafiya, ni ban ga ƙarya a ciki ba.

Ɗan Kwangila Mai Keke: Allura allura dai. Ku kun manta abin da aka yi wa yaran Kano?

Maman Sadik: Ba mu manta ba ɗan'uwa, kuma duk wanda ya ce tsoron mutanenmu jahilci ne kawai bai san tarihi ba. A 1996 lokacin sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Amma ka lura wancan maganin gwaji ne ba rigakafi ba. Kuma dubi abin da tsoron ya jawo, a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, Kano sai tsakiyar 2004 ta dawo, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita. Da sarakuna da malamai suka shigo aka bi gida-gida, na ƙarshe da aka gani na asalin ƙwayar a Borno ne 2016, Agustan 2020 muna tsakiyar korona aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Ga garkuwar jama'a ta gaske mun yi da hannunmu ba mu binne kowa don ita ba.

Ni abin da ke ƙona min rai kenan, muna nan muna ta Suwidin Suwidin, alhali Najeriya na da yara sama da miliyan biyu da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba kuma mafi yawansu a Arewa suke. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ke kashe yara, Kano ta fi kowa shan wahala, cutar da allurarta ke cikin penta, allurar jarirai mai kare cututtuka biyar, da ake yi kyauta a sati 6 da 10 da 14. Jaririn da bai kai wata tara ba bai isa allurar ƙyanda ba, abin da ke kare shi kawai yaran maƙwabta su kasance sun yi. In mutum yana son garkuwar jama'a da gaske to ga inda take aiki, ya fara da leƙa katin yaran gidansa.

Ɗan Samaru: Anti a kan ƙyanda da mashaƙo ba ni da ja ko kaɗan. Amma kar a canza min magana, korona daban ce kuma har yanzu ba a amsa min batun makaranta ba. Yara su ne cutar ta fi ragawa amma su aka fi hukuntawa, wata da watanni ba aji, ana cewa a yi karatu ta rediyo da intanet a gidan da ba wuta. Mu na jami'a ga korona ga yajin aikin ASUU daga Maris har Disamba, shekara ta tafi a banza. Ƴan mata nawa aka aurar a lokacin ba su koma ba? Almajirai aka yi ta lodawa a mota daga jiha zuwa jiha ana raba cutar da sunan hana ta. In wata annobar ta zo gobe haka za a sake yi?

Maman Sadik: A kan makarantun firamare ina tare da kai, an daɗe fiye da kima. Ni da za a tambaye ni, a rage manyan taruka na ɗan lokaci, biki da zaman makoki a taƙaita, kasuwa a bar ta a buɗe tunda a fili take iska na kaɗawa, a sa takunkumi a mota da asibiti, kuɗin da aka kashe wajen tare hanya a sayi oksijin da kayan gwaji, allura in ta zo a fara da dattawa. Amma ka lura duk wannan rage yaɗuwa ne, ba cewa matasa ku je ku kwaso ba.

Likitan Shanu na Shika: Kuma ya danganta da cutar. Murar 1918 matasa majiya ƙarfi ta fi kashewa. In mai zuwa irin ta ce, kai Ɗan Samaru kai za a ce a ɓoye a ɗaki, Hajiya ta fita cefane.

Ɗan Kwangila Mai Keke: Hhhh to a lokacin sai mu ji ko zai kawo mana farfesoshin nan nasa uku.

Hajiya Uwar Marayu: Ku bar yaro ya huta. Maman Sadik ni tambaya ta taso min, akwai jikana da aka yi wa ta ƙyanda ta wata tara amma uwar ta ce wai akwai ta biyu, ba a kai shi ba yanzu ya kusa shekara biyu, katin ma ban san inda ta jefa shi ba. Ya wuce ke nan?

Maman Sadik: Bai wuce ba Hajiya. Ta biyun a wata 15 ake yi amma ko an makara ana yi. A kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ranar da suke rigakafi, in an ga katin a tafi da shi, in ba a gani ba a kai shi haka nan a yi musu bayani, kyauta ne. In akwai wasu yaran a gidan a haɗa a duba su duka.

Ɗan Samaru: Dokta na ji ta 1918 ɗin, zan dawo maka a kanta bayan isha'i. Amma ka shirya min amsar Denmark, don su tun watan Afrilun 2020 suka mai da ƙananan yara aji kuma asibitocinsu ba su cika ba.